Janwen da Aka Cire wa Kuloci

Akwai wani mutum a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi, ana ce masa Ɗanlarai. Direba ne tun yana saurayi. Yana da bas da yake ja da kansa tsakanin Bauchi da Gombe. Yana kuma da wata tsohuwar janwe, irin motar nan da ke jawo motocin da suka mutu a hanya ko suka faɗa rami.

Janwen nan ta tsufa, ba tsufan wasa ba. Mai dogon hanci ce, fentinta ya koɗe har ba mai iya rantse maka da launinta na asali. Amma ƙarfen jikinta lafiya lau, wincinta kuma, wato abin da ke naɗe waya ya jawo mota, bai taɓa ba da kunya ba.

Mai tuƙa ta wani dattijo ne, Toma, mutumin Bogoro da ke zaune a Yelwa. Ya girmi Ɗanlarai, shi ya sa Ɗanlarai ke ce masa Baba Toma, shi kuma yana ce masa Maigida. Mutum ne marar surutu. Da sitiyarin janwen nan yake ci da iyalinsa, da shi 'ya'yansa ke zuwa makaranta. Ba shi da gona, ba shi da shago.

Ana gab da shiga damina, injin janwe ya buga. Dama giyar ta daɗe tana kuka, wani lokaci ma ta fita da kanta ana cikin tafiya. Aka kai ta garejin Hamma a Gwallaga.

Hamma bakanike ne na gaske, sai dai bakinsa ba birki. Ya sauke inji, ya duba, ya ce wannan kam sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Da ya buɗe giyabos, sai ya yi tsaye yana kallo. Ya kira Ɗanlarai gefe.

"Zo ka ga abin mamaki," in ji shi. Ya miƙa masa faifan kuloci. "Yaushe na sa maka wannan?"

"Ai an daɗe. Tun kafin a yi mana kwalta a unguwa."

"To dube shi. Kamar jiya aka ciro shi daga kwali. Yanzu leƙa ka ga haƙoran giya."

Ɗanlarai ya leƙa. Haƙoran sun cinye, wasu sun gutsure, mai duk ya cika da garin ƙarfe.

Bari in yi wa waɗanda ba sa tuƙi bayani, don na san kuna da yawa a shafin nan. Kuloci shi ne abin da direba ke takawa da ƙafar hagu kafin ya canza giya. A ƙaramar mota ba wani abu ba ne. A tsohuwar babbar mota kuwa, kamar ka taka dutse ne.

Hamma ya ce, "Motar da ake taka kulocinta, faifan ne ke cinyewa, haƙora su zauna lafiya. A motarka kuwa an juya. Direbanka ba ya taka kuloci. Da kunne yake sa giya, ya saurari ƙarar inji ya cusa ta. In ba kaya a baya, tana shiga sumul. In da tifa a rataye, sai ta ci haƙori."

Ran Ɗanlarai ya ɓaci. "Baba Toma? Mutumin da ya koya wa rabin direbobin Yelwa tuƙi?"

"Ni dai abin da ƙarfe ya nuna mini na faɗa maka."

A lokacin Toma na zaune a kan benci a inuwar dogonyaro, bai san me ake ciki ba. Akwai wata babbar mota da Hamma ke cire wa iska a kuloci, aikin da sai wani ya hau yana takawa, bakanike na ƙasa yana kwance noti. Hamma ya ƙifta wa Ɗanlarai ido, ya ɗaga murya.

"Baba Toma, don Allah hau ka taka mini kulocin nan."

Toma ya ɗan yi jim, sannan ya tashi ya hau. Hamma ya shige ƙarƙashin mota yana kira, "Taka! Riƙe! Saki! Taka!"

Ɗanlarai ya zagaya ta ɗaya ƙofar ya leƙa. Sai ya ga dattijon nan ya ɗora hannu biyu a kan gwiwarsa ta hagu yana danna ta ƙasa da ƙarfin ƙirjinsa. Ya cije leɓe, gumi na zuba daga haɓarsa. Ƙafar ba ta iya takawa da kanta.

Nan take abubuwa suka dawo wa Ɗanlarai. Ashe shi ya sa Toma ba ya ajiye janwe sai a gangare, don ta gangara ta tashi ba sai ya taka ba. Ashe shi ya sa ya daina bi ta Wunti inda cunkoso yake, ya gwammace ya yi dogon zagaye. Ya kuma tuna shekarar da suka je jawo tifar yashi a wajen Gubi, sarƙa ta tsinke ta daki Toma a gwiwa. An kai shi wurin mai ɗori, bayan 'yan makonni ya dawo ya ce ya warke sarai.

Ashe bai warke ba.

Ɗanlarai bai ce komai a gaban mutane ba. Ya jira Toma ya sauko, ya ja shi bayan gareji inda ake tara tsofaffin tayoyi.

"Baba Toma, tun yaushe?"

Toma ya kalle shi, ya gane. Bai yi musu ba. "Tun ta Gubi, Maigida."

"Haba Baba Toma! Ka kashe mini giyabos kana kallo. Me ya hana ka gaya mini?"

"Da na gaya maka, me za ka yi?"

 Kowa a harkar mota ya san amsar. Direban da ya ce ƙafarsa ta gaza, godiya ake yi masa, a sa masa albarka, a karɓi makulli. Shi kansa ya san da haka zai yi.

Toma ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin janwe, wanda ya ɗaure da igiyar takalmi. "Na cuce ka, na sani. Tsoro ne. Ga shi."

Ɗanlarai ya karɓa. Haushi yake ji na gaske, kuma yana jin kunya, ya rasa wanne ya fi yawa. Ya ce, "Je ka gida tukuna."

Washegari shi da Hamma suka nufi shagon Dominic, mai sayar da injuna na hannu daga Turai, waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyam. Dominic ya daɗe a Bauchi, kuma duk wanda ya shigo sayayya Alhaji ne a wurinsa.

"Alhaji, ka zo a daidai! Akwai inji ɗaya, tana da ƙarfi kamar me."

Aka jawo injin a kan tsohuwar taya, haɗe da giyabos ɗinsa mai kuloci. Aka jona batir, aka tsoma tiyo a jarkar man gas, aka tayar da shi a ƙasa kamar yadda aka saba. Ya yi ruri, ba hayaƙi, ba kwankwasa. Hamma ya auna ƙafafun injin da ɗan taƙinsa, ya yi murmushi.

"Wannan kamar don janwenka aka ƙera shi. Zama kawai zai yi. Kafin ruwa ya kankama kana kan titi." Ya rage murya. "Sai dai kulocinsa ya fi na da tauri. Ƙafar matashi yake so."

Matashi kuwa akwai shi a hannu. Fati, matar Ɗanlarai, tana da ƙane mai suna Abdulbaqi, yana da lasisi, ba shi da mota. Tun da ta ji labari take cewa, "Baban Zubaida, Allah ne ya kawo. Ka sallami dattijon nan da mutunci, ka ba na gida." Kuma kada wani ya zagi Fati a ƙasan rubutun nan. Ƙanenta ne, zaman banza yake yi, wace ce ba za ta faɗi haka ba?

Ɗanlarai ya daɗe yana kallon injin. Can ya ce, "Dominic, babu mai otomatik? Wanda ba a taka kuloci?"

Hamma ya juyo. "A janwe?"

Dominic ya sosa kai. Ya ce ɗan'uwansa a Legas yana da gaban wata motar kwashe shara da aka yanko daga Turai. Inji da giyabos a haɗe, otomatik, an yi su ne don ɗaukar nauyi da tsaye-tsaye. Akwai ma kafar da ake jona famfon matse shara, nan za a iya jona winci. Amma sai an jira a loda, kuma ya fi tsada.

Hamma ya ce, "Tsaya in lissafa maka wahalar da kake nema. Farfela, sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, sai an yanke an sake walda. Mazaunin inji sai an matsar. In giyabos ɗin ya yi tari, duk Bauchi ba wanda ya taɓa buɗe irinsa, har ni. Kuma ka sani, otomatik ba a tura ta ta tashi. Ranar da batir ya mutu, janwenka sai an jawo ta. Ga babbar magana: damina za ta wuce kana gareji."

Wannan ta ƙarshe ita ce mai zafi. Damina ce kakar masu janwe. Lokacin ne motoci ke zamewa, tifofi ke kafewa a taɓo, waya ba ta hutawa.

Ɗanlarai ya koma gida bai yanke ba. Ya kwana biyu yana ja da kansa. In ya tuna haƙoran giya, sai ya ce wallahi Toma bai kyauta ba. In ya tuna hannu biyu a kan gwiwa, sai ya kasa cin abinci. A ƙarshe abu ɗaya ya tsaya masa a rai: sarƙar da ta tsinke tasa ce, aikin nasa ne, kuma shi ne ya ji an ce "na warke" ya yi murna bai sake tambaya ba.

Ya kira Dominic ya ce a loda na motar shara.

Jama'a, garin Bauchi ya samu abin hira. A tashar Gombe direbobi suka sa wa janwen suna Hajiya. Wani ya ce saura a sa mata labule da turare. Wani ya ce in ta ga shara a hanya za ta tsaya da kanta. Aka yi ta tambayarsa dalili, shi kuwa amsarsa ɗaya: "Ni nake so." Bai taɓa ambaton gwiwar Toma ba, ya kuma roƙi Hamma ya kama bakinsa. Abin mamaki, Hamma ya kama.

Fati ta yi fushi na kwanaki. Abdulbaqi ya daina gaishe shi har sai da ya samu keke napep yana ja.

Ruwa ya sauka, ya yi ta zuba, janwe na kan duwatsu a garejin Hamma ba inji. Ɗanlarai na wucewa da bas yana ganin janwen wasu na jan aikin da a da nasa ne. Ya ji ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Sau da yawa ya ce wa kansa anya bai yi wauta ba.

Da kayan suka iso, Hamma ya yi ta fama yana mita. Aka yanke, aka yi walda, aka kwance, aka sake ɗaurawa. Da aka cire sandar kuloci, sai rami ya rage a ƙasan direba. Hamma zai toshe shi da falle kawai, Ɗanlarai ya ce a'a. Ya sa aka lanƙwasa ƙarfe aka yi ɗan tudu a wurin, aka lulluɓe shi da robar taya, yadda mutum zai miƙe ƙafar hagu ya ɗora ta huta.

Ranar da aka gama, ya aika aka kira Toma. Dattijon ya zo a rame, ya ɗauka sallama za a yi masa. Ɗanlarai ya miƙa masa makulli, har yanzu da igiyar takalminsa.

"Hau ka gwada mana."

Toma ya hau. Ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci kamar yadda ta saba, sai ta sauka a kan tudun roba. Ya duba ƙasa. Birki da totur kawai. Ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya share fuska da hularsa.

"Maigida..."

"Baba Toma, ka tayar mana, rana na yi."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Fitar farko a hawan hanyar Jos man giya ya yi zafi, sai da aka ƙara masa ɗan lagireto nasa na kansa. Wata rana kuma abin da Hamma ya faɗa ya faru: batir ya mutu a shataletalen Gidan Mai, aka ɗaure Hajiya a bayan wata janwe aka ratsa gari da ita, 'yan achaɓa na tafi. Aka yi ta yi wa Ɗanlarai dariya har ya gaji.

Amma daga baya ta zauna. Tana jan kaya a hankali ba fizga, masu ƙananan motoci suka fara neman ta don ba ta yage musu bamba. Ba wai ta mai da Ɗanlarai attajiri ba ne. Aiki dai take yi, Toma na ciki, 'ya'yansa na makaranta.

Aka yi shekaru a haka.

Ɗanlarai dama yana da ciwon suga, irin wanda mazanmu ke cewa "ba komai" suna shan shayi da madara. Wata rana a tasha ya taka guntun waya, ta huda silifas ta shige tafin ƙafarsa. Ya wanke, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da lodi. Ciwon ya ƙi warkewa. Kafin ya yarda a je asibiti, ƙafar ta yi baƙi. Likitoci suka ce in ana son ransa, sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Ƙafar hagu ce.

Ya warke, amma mutumin da ya dawo gida ba Ɗanlarai ba ne. Bas ɗinsa mai kuloci ce, ya ba Abdulbaqi yana ja. Shi kuma ya koma zaman zaure da sanduna biyu a jingine. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa wuni ba sitiyari a hannu ba, yanzu in ya ji ƙarar mota sai ya juya fuska bango. Ba yunwa ke damunsa ba. Gani yake ya ƙare. Fati ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, ya ce mata, "Direba ba ƙafa, ai sai a kira shi wani sunan."

Wata safiya aka ji hon a ƙofar gida, irin mai kaurin nan da duk unguwa ta sani. Toma ya yi sallama ya shigo yana ɗingishi.

"Maigida, an kira mu Gubi. Motar masu kifi ta zame a gangaren dam."

"To ka je mana. Sai ka gaya mini?"

"Tare za mu."

"Baba Toma, kada ka yi mini haka. In je in yi me? In zauna a gefe kamar kaya?"

Toma ya ɗauko sandunan ya miƙa masa, ya tsaya. Ya ƙi zama, ya ƙi tafiya. Da Ɗanlarai ya ga dattijo mai ciwon gwiwa na tsaye a kansa, kunya ta sa ya tashi.

Da suka fito, Ɗanlarai ya nufi ƙofar fasinja. Toma ya riƙe masa hannu, ya juya da shi ɗaya gefen, ya buɗe ƙofar direba. Shi da wani maƙwabci suka tallafa masa ya hau.

Ɗanlarai ya zauna. Hannunsa ya kama sitiyari da kansa. Ya duba ƙasa, ya ga birki da totur, duka a dama. A hagu kuma ga tudun nan da ya sa aka yi, robar ta yi sulɓi saboda shekarun da ƙafar Toma ta yi a kai. Wallahi ya manta da shi. Bai taɓa tuƙa janwen ba tun da aka canza ta, don yana ganin kujerar wani ce.

Toma ya zagaya ya hau gefen fasinja, ya rufe ƙofa. Ya miƙo makulli mai igiyar takalmi.

"Maigida, ita wannan ba ta tambayar ƙafar hagu. Kai ka hana ta."

Ɗanlarai ya kifa goshi a kan sitiyari ya yi kuka, kukan da bai yi ba ko ranar da aka yanke ƙafar. Fati na tsaye a bakin zaure da mayafi a baki. Ita ce ta ce a ba na gida, ga shi yau na gidan ne a kujerar.

Toma ya bari ya gama. Sannan ya ce, "Ka tayar mana, rana na yi. Kifin mutane zai lalace."

Ya murɗa makulli, Hajiya ta amsa. Har yau in ka ga tsohuwar janwe mai dogon hanci a hanyar Gubi, leƙa ciki. Za ka ga mutum biyu, wannan ya ja zuwa, wannan ya ja dawowa.

Darasi: In za ka zaɓi abin aiki, kada ka tsaya a kan ƙarfe kawai, ka dubi mutumin da zai yi aiki da shi. Wanda ya gaza a cikin hidimarka, nema masa hanya kafin ka nemi madadinsa, kuma ka rufa masa asiri. Sauƙin da ka yi wa wani yau, ba ka san ranar da kai za ka buƙace shi ba. Ku tura wa masu motoci da duk wanda ke da ma'aikaci a ƙarƙashinsa, wataƙila akwai wani Baba Toma da ke danna gwiwa da hannu biyu ba wanda ya leƙa.